Wace mota zan saya ta farko in ina son koyon dirif?

Ƙanena ka ce kana son fara koyon dirif, wato tuƙin da ake zamar da bayan mota da gangan a kwana, ba ka taɓa juya mota da gangan ba ko sau ɗaya, ranka yana kan Nissan Silvia S15 ko wata mai tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi) da ta kai ƙarfin doki 400, kuma kuɗin da ka tara ba wani mai yawa ba ne. Toh zan faɗa maka gaskiya tsakani da Allah, ka cire S15 daga ranka tukuna. Motar da za ka koya da ita mota ce da za ka buga, za ka kwarzane gefenta, bamba zai faɗi, wata rana ma za ka saki hanya ka shiga ciyawa da baya, kuma duk wanda ka gani ya iya sai da ya bi ta nan. In motar ta yi maka tsada har kana jin tsoron taɓa ta to ba za ka taɓa danna totur yadda ya kamata ba, kullum ƙafarka tana ɗagawa a daidai lokacin da ya kamata ta zauna, kuma wannan ɗagawar ita ce take kayar da mai koyo.

Abu uku ne ba a sasanci a kansu. Na farko dole motar ta zama mai ja da baya, wato injin yana juya tayoyin baya ne. Dirif shi ne ka sa tayoyin baya su rasa riƙo da kwalta sannan ka ci gaba da riƙe su a haka da totur, kana sarrafa gaba da sitiyari. Motoci irin su Corolla na yanzu da Civic da Golf da Camry yawancinsu da gaba suke ja, za ka iya fizgar hambirki bayan ya ɗan zame na daƙiƙa ɗaya ko biyu amma da ka taka totur gaban zai ja motar ta miƙe, shi ke nan wasa ya ƙare. Masu ja da ƙafa huɗu irin su Subaru Impreza da Audi quattro su ma ba nan ne wurinsu ba, wani salon tuƙi ne daban.

Na biyu giya ta hannu, manuwal. Dalilin kuloci ne. Hanya mafi sauƙi da mai koyo yake ɓalle bayan mota ita ce ya taka kuloci da sauri ya saki alhali ƙafarsa tana kan totur, injin ya tashi sama sannan ƙarfin ya faɗa wa tayoyin baya lokaci ɗaya su zame. Haka in ka ja hambirki dole ka taka kuloci don kar injin ya mutu, kuma a tsakiyar kwana in ka ji motar tana neman ta kama kwalta, da kuloci za ka sake tayar da ita. Otomatik ba ta ba ka wannan, kuma tana iya canza maka giya a tsakiyar zamewa ba tare da ka nema ba. Mutane da yawa suna cewa bari in sayi otomatik mai araha daga baya in mayar da ita manuwal, ni ban ba ka wannan shawarar ba, sai ka nemo giyabos da fedal da fulawil da farfela da wayarin, motar ta yi wata da watanni a gareji kai kuma ba ka koyi komai ba.

Na uku shi ne dif, abin nan da ke tsakiyar bak-aksul yana raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya biyu, kuma nan ne yawancin masu farawa ba su sani ba. Dif na yau da kullum a buɗe yake, yana barin ƙarfin ya gudu ta tayar da ta fi sauƙin juyawa, a kwana kuwa tayar ciki ce domin nauyi ya bar ta. Sai ka ga taya ɗaya tana ta hayaƙi ɗayar tana zaune, motar ta ƙi juyawa, in ma ta juya sai ta dawo maka da ƙarfi ba zato. Maganin shi ne ko dai ka sami mota mai LSD, wanda yake ɗaure tayoyin biyu su juya kusan tare, ko kuma a yi wa dif ɗin walda a kulle shi gaba ɗaya. Walda ita ce hanyar mai ƙaramin ƙarfi kuma tana aiki sosai, kullum motar halinta ɗaya ne, abin da mai koyo yake buƙata ke nan. Amma ka sani mota mai dif na walda ba ta da daɗi a titi, tana tsalle tana kuka in za ka yi fakin, tana cin taya, tana wahalar da shaf, kuma in an yi ruwa bayanta yana iya ɓallewa ba ka shirya ba. In ita ce motar da za ka riƙa ɗaukar iyali da zuwa aiki kar ka yi mata walda, ka nemi LSD, sannan ka duba dokar inda kake domin akwai ƙasashen da ba a yarda da shi a kan titi ba.

Yanzu maganar ƙarfin injin da ya ɗauke maka hankali. Motocin da kake gani a gasar Formula Drift ta Amurka, wadda aka fara a 2004, da yawansu suna kusan ƙarfin doki 1000, amma waɗannan mutane ne da suke amfani da tayoyi masu faɗi masu riƙo sosai, suna gudu mai yawa ƙofa da ƙofa, dole su nemi ƙarfin da zai juya irin wannan taya. Kai ba can kake ba. Keiichi Tsuchiya da ake kira sarkin dirif a Japan da Toyota AE86 ya yi suna, motar da aka yi daga 1983 zuwa 1987, injinta lita 1.6 ne, ƙarfinta wajen doki 130, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Mota mai ƙaramin ƙarfi tana tilasta maka ka koyi yadda ake jefa nauyin mota daga gefe zuwa gefe, ka koyi shiga kwana da gudun da ya dace, ka koyi zama a kan totur. Mai ƙarfi da yawa kuwa tana rufa maka asiri, duk kuskuren da ka yi sai ka danna totur hayaƙi ya tashi ka ɗauka ka iya, ranar da aka ba ka wata motar sai ka gane ba ka da komai a hannu. A ganina tsakanin doki 150 zuwa 250 ya ishe ka shekara biyu ko uku kana koyo. Kuma in da hali ka guji tabo a motar farko, injin da ba tabo ƙarfinsa yana zuwa daidai da yadda ka taka, ba jinkiri ba fizga, kuma bai cika zafi kamar mai tabo ba.

In ka ce in zaɓa maka guda ɗaya, BMW 3 Series zan ce, E36 ta shekarun 1990 ko E46 da ta biyo bayanta daga 1998, mai silinda shida, wato 325i ko 328i ko 330i. An yi su da yawa ƙwarai an sayar a kusan ko'ina a duniya, saboda haka kayan gyaransu ba sa wahalar samu, sabo da na hannu, kuma duk matsalar da za ta ba ka wani ya riga ka gamuwa da ita ya san maganinta. Nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya kuma mita 2.7 ce a E36, E46 ta ɗan ɗara kaɗan, wannan tsawon yana sa in bayan ya ɓalle a hankali yake tafiya, kana da lokacin da za ka ji shi ka juya sitiyari. 328i tana da wajen doki 190, 330i wajen 230, kuma injin yana da ƙarfi tun daga ƙasa ba sai ka kai shi ƙarshe ba. Masu silinda huɗu irin 318i za su yi in kwalta a jiƙe take amma a busasshiya za ka sha wahala a giya ta biyu.

Sai dai BMW ɗin nan tana da cututtukanta da ya kamata ka sani kafin ka miƙa kuɗi. Babba shi ne ruwa. Kan lagireto da tankin ruwa da gidan tamostat duk roba ne, wasu ma har farfelar famfon ruwan roba ce, in sun tsufa sai su fashe ba sallama, injin silinda shida mai dogon kai kuwa in ya yi zafi sosai sau ɗaya kan yana iya lanƙwashewa gaskit ya ƙone. A dirif motar tana tafiya a karkace, iska ba ta shiga lagireto kai tsaye, injin kuma yana sama kullum, don haka duk raunin da ke wajen ruwa a ranar farko zai fito. Ni na taɓa rasa injin lafiyayye saboda tankin ruwa da na ga ya fara tsagewa na ce zai kai ni rana ɗaya, bai kai ba, har yau abin yana min ciwo. Ka canza su duka kafin ka fita fili. Na biyu, E46 an san ta da tsagewar ƙarfen bodi a inda sabfirem na baya, wato ƙarfen da ke ɗauke da dif da hannayen tayoyin baya, yake ɗaure, dole a ɗaga motar a haska da tocila a duba, in lafiya lau ne ma gara a yi masa waldar ƙarin faranti tun da wuri domin bugun kuloci yana ƙara masa wahala. E36 ita ma a duba inda hannun tayar baya yake kama bodi da kan shokozoba na baya. Yawancinsu kuma da buɗaɗɗen dif suke zuwa, sai ka sa wannan a lissafi.

Ta biyu a wajena ita ce Nissan 350Z, da 'yar'uwarta Infiniti G35 da suke kan shasi ɗaya. Injin V6 ne lita 3.5, wajen doki 280 zuwa 300 gwargwadon shekara, giya shida ta hannu, kuma tana jure duka. Kusan yadda ta fito daga kamfani za ka iya shiga fili da ita. Matsalarta nauyi, tana kusan tan ɗaya da rabi, tayoyinta manya ne inci 17 ko 18, ga ƙarfi, saboda haka tana cin taya fiye da BMW nesa ba kusa ba, wasu injinan kuma suna shan baƙin mai sai kana dubawa kullum. In aljihunka zai ɗauki tayar to mota ce da ba za ka yi saurin wuce ta ba.

Mazda MX-5 ta farko da ta biyu, NA da NB, mutane suna yawan ba da shawararta kuma ina ganin dalilinsu, nauyinta wajen tan ɗaya ne, gyaranta sauƙi, tayoyinta ƙanana masu araha, ba ta shan mai. Amma gajeriya ce, tazarar tayoyinta bai kai mita 2.3 ba, in ta ɓalle da sauri take juyawa kamar an murɗa ta, kuma ƙarfinta kaɗan ne. Za ka yi ta juyewa a farko har ranka ya ɓaci. Wanda ya daure ya iya da ita hannunsa yana yin kaifi sosai, wannan gaskiya ne, amma ba kowa ke daurewa ba, kuma tunda buɗaɗɗiya ce filaye da yawa ba za su bar ka ka shiga ba sai ka sa ƙarfen kariya a bayan kujera. In kai dogo ne ma ka zauna a ciki da hular kwano kafin ka saya.

Akwai Lexus IS200 mai silinda shida da giya shida, ga ƙarko irin na Toyota, sai dai ƙarfinta wajen doki 155 ne a jiki mai ɗan nauyi, tana so ka matsa mata. IS300 ta fi ta ƙarfi amma manuwal ɗinta ba ta da yawa. Toyota 86 da Subaru BRZ da suka fito a 2012 suna da kyau ƙwarai, doki 200, da LSD tun daga kamfani, in ka samu wadda ta tsufa har ba ka jin tsoron buga ta. Mercedes C-Class irin su W202 da W203 da baya suke ja amma yawanci otomatik ne kuma birkin ajiyarsu na ƙafa ne, ba hambirkin da za ka fizga.

Ita Silvia da kake so, S13 da S14 da S15, babu mai musun cewa mota ce da ta dace da wannan wasa, ba nauyi, sitiyarinta yana dawowa da kansa da daɗi, kayan ƙarinta ba iyaka. Shekaru ashirin da suka wuce da ita zan ce ka fara. Amma an daina yin ta tun 2002, an farfasa da yawa a fili, waɗanda suka rage masu tara motoci sun sa musu ido, ga shi S15 ta cika shekara 25 da dokar Amurka take nema kafin a shigo da mota, masu nema sun ƙaru. Yau kuɗin Silvia mai tsatsa da aka yi wa duka zai saya maka BMW lafiyayya da tayoyin shekara guda. Haka AE86. Ka bar su sai hannunka ya faɗa.

Ga yadda nake so ka raba kuɗinka, kuma wannan ya fi sunan motar muhimmanci. Kar motar ta cinye fiye da rabin abin da kake da shi. Sauran na gyaran farko ne da taya da mai da kuɗin shiga fili da abin da zai lalace, domin wani abu zai lalace. A busasshiyar kwalta tayoyin baya biyu suna iya ƙarewa cikin 'yan mintuna in kana kan totur sosai, a rana ɗaya za ka iya ƙona saiti biyu ko uku ko fiye, shi ya sa girman wili yake da muhimmanci, inci 15 ko 16 ko 17 tayarsu ta fi araha da sauƙin samu. Ka nemi ƙarin wili na baya aƙalla huɗu ka je da su a ɗaure. A gaba ka sa taya mai kyau domin ita ce take riƙe da kai, a baya ka sa mai araha siririya, in motar ba ƙarfi ka ƙara mata iska ta fi saurin zamewa. Tayar hannu a baya ba laifi amma ka duba shekarunta, wadda ta bushe tana tsagewa ɓarewa take yi ta daki bodi ta yaga maka abubuwa.

In za ka duba motar ka nemi wadda ba a taɓa ba, ko wadda aka taɓa kaɗan. Motar da wani ya fara aiki a kanta ya gaji ya bari, wayoyi a yanke, an canza injin, an sa tabo ba takarda ba bayani, matsalarsa ce za ka saya. Fenti kuwa kar ya dame ka ko kaɗan, ƙofa mai launi daban da lotsewa a gefe alheri ne a gare ka domin suna rage kuɗi. Abin dubawa shi ne ƙasa: tsatsa a shasi da gindin ƙofofi da inda ake sa jak, alamar an taɓa miƙe shasi bayan hatsari, yoyon mai. Ka je da bakanike da ka yarda da shi, a tayar da injin yana sanyi, a bar shi ya yi zafi a ga ko fanka tana tashi, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko akwai farin kumfa, a gwada giya ta biyu da ta uku da sauri a ji ko tana ƙara, domin a giya ta biyu za ka yi rayuwarka ta shekarar farko. Ka ja hambirki ka ga ko yana kamawa.

Bayan ka saya, jerin aikin ba shi da tsawo. A canza duk wani mai da ruwa, har da man birki da man sitiyari, shi man sitiyari yana tafasa in kana ta juyawa daga ƙarshe zuwa ƙarshe. A gyara wajen ruwa, a canza bushin da bol-join da tayarod da suka mutu, a ɗaure batir da kyau, a yi maganin dif, a saita hambirki ya kama da ja ɗaya. Sai kujera mai rungume jiki, wannan ita ce ƙarin da na fi ganin amfaninsa, domin in jikinka yana yawo a kujera da sitiyari za ka riƙa riƙe kanka, alhali sitiyarin so yake ka sake shi ya juya da kansa ka cafke. Hular kwano mai inganci da abin kashe gobara a ɗaure inda hannunka zai kai. Ka koyi yadda ake kashe na'urar hana zamewa ta motar gaba ɗaya, in ba haka ba za ta riƙa yanke maka totur. Shokozoba masu saiti da kayan ƙara wa sitiyari kwana da hambirki na haidirolik duk za su zo, amma sai ranar da ka iya faɗin takamaiman abin da motar ta hana ka yi.

Inda za ka koya kuma, don Allah ba a titi ba, ba a shataletale da dare ba, ba a wajen taron jama'a ba. Mai koyo ba ya sanin inda motar za ta tsaya in ta ƙwace, kuma za ta ƙwace sau da yawa, mutum ɗaya da ke tsaye a gefe ya isa ya canza maka rayuwa har abada. Ka nemi rufaffen fili mai faɗi da aka ba da izini, babu turaku babu kwalbati, in an jiƙa shi da ruwa ma ya fi, gudun kaɗan ne kuma taya tana daɗewa. Ka ajiye mazugi ɗaya ka yi ta zagaya shi a giya ta ɗaya har ka iya faɗaɗa da'irar ka matse ta yadda kake so, hagu da dama, sannan ka sa biyu ka riƙa yin siffar 8, a nan za ka koyi juya mota daga gefe zuwa gefe. Idonka ya kasance a inda kake son zuwa, kar ka kalli bonet. In kana da kwamfuta da sitiyarin wasa, wasan tuƙin mota mai suna Assetto Corsa yana taimakawa sosai wajen saba wa hannu da saurin sitiyari kafin ka ƙona taya ta gaske. Kuma ranar farko ka roƙi wanda ya iya ya tuƙa motarka kana zaune a gefe, ka kalli ƙafafunsa, za ka ga abin da motar take iyawa a yadda take, daga nan ka karɓi makulli.